Dogaran Sarkin Rum: Daga Masu Sayar da Sarauta Zuwa Masu Sayen Riga

Ranar 16 ga Maris, shekara ta 455 miladiyya, Sarkin Rum ta Yamma, Valentinian na Uku, ya hau doki ya fita filin atisayen sojoji na birnin Rum don ya yi harbin baka. Fadawa da dogarai suna biye da shi. Saukarsa daga doki ke da wuya, sai ɗaya daga cikin 'yan rakiyarsa, wani mai suna Optila, ya zare takobi ya sare shi a gefen kai. Sarki ya waiwayo don ya ga wanda ya sare shi, Optila ya ƙara masa a fuska, ya faɗi. Abokin Optila, Thraustila, ya kashe babban hadimin sarki. Suka ɗauki kambun sarauta, suka ja dokin sarki, suka yi tafiyarsu. Cikin duk taron nan babu wanda ya zare takobinsa.

Mutanen nan biyu yaran Aetius ne, babban kwamandan da ya tare Attila sarkin Hun a ƙasar da ake kira Faransa a yau, a shekara ta 451. Wata shida kafin wannan rana, sarki ya kira Aetius fada, suna cikin maganar kuɗin baitulmali ya zare takobi ya kashe shi da hannunsa, saboda yana ganin ƙarfinsa ya yi yawa. Daga nan ya ɗebi wasu daga cikin yaran mamacin ya sa su cikin masu tsaron lafiyarsa. An ce ba a ba kura ajiyar nama. Valentinian ya ba ta, har ya haɗa mata da wuƙa.

Ramuwar gayya ba abin mamaki ba ce. Abin tambaya shi ne: me ya sa sarki mai rundunonin tsaro na kansa, masu albashi mai tsoka, ya buƙaci aron yaran wani? Me kuma ya sa sauran suka tsaya kallo? Amsar tana cikin wata matsala da sarakunan Rum suka yi fiye da shekara 600 suna fama da ita. Dogarin da yake da ƙarfin kare sarki, yana da ƙarfin kashe shi. Wanda kuwa aka rage wa ƙarfi har ba zai iya kashe sarki ba, ranar da ake buƙatarsa ba zai iya kare shi ba.

Gwanjon sarauta

Agustus, sarkin Rum na farko, shi ya kafa rundunar dogarai ta dindindin a shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ana kiran su Firetoriya. Agustus ya san haɗarinsu, don haka ya raba su kashi tara, ya warwatsa akasarinsu a garuruwan da ke kewayen Rum. Amma a zamanin magajinsa, a shekara ta 23 miladiyya, shugabansu Sejanus ya tattara su a bariki ɗaya mai ganuwa a gefen birnin. Ranar da suka taru wuri guda suka ga yawansu, ranar suka san ƙarfinsu.

A shekara ta 41 hafsoshinsu suka kashe Sarki Kaligula. Sojojin suka tarar da baffansa Kalaudiyus ɓoye a bayan labule, suka ɗauke shi zuwa bariki suka naɗa shi, shi kuma ya yi wa kowane soja alkawarin sestas 15,000, wato kuɗin Rum na lokacin. Tun daga nan sabon sarki ya san akwai kuɗin da ake biya a bakin ƙofa.

Abin ya kai intaha ranar 28 ga Maris, 193. Dogaran suka kutsa fada suka kashe Sarki Pertinax, wanda bai cika wata uku a kan gado ba, saboda ya matsa musu da horo kuma bai cika musu kuɗin da suka sa rai ba. Sannan suka kulle kansu a bariki suka sa sarauta a kasuwa. Surukin mamacin, Sulpicianus, yana ciki yana tayi, wani attajirin ɗan majalisa, Didius Julianus, yana waje a gindin ganuwa yana ɗaga murya. Sulpicianus ya kai sestas 20,000 ga kowane soja, Julianus ya ce 25,000, aka sallama masa. A lokacin albashin sojan fagen fama na shekara guda sestas 1,200 ne, ka ga kowane dogari ya tashi da albashin sama da shekara 20 na takwaransa da ke gadin iyaka. Julianus ya yi kwana 66 a kan gadon da ya saya. Septimius Severus, mutumin Leptis Magna da ke Libiya ta yau, ya taho da dakarunsa, ya kori dogaran gaba ɗaya, ya cika barikin da nasa sojojin. An sauya mutane, amma bariki yana nan, halin ma yana nan. A shekara ta 222 sababbin dogaran suka kashe Sarki Elagabalus, a 238 kuma suka kashe sarakuna biyu a rana ɗaya.

Maganin Konstantin

A ƙarshen ƙarni na uku sarakuna suka daina zama a Rum. Yaƙi ya riƙe su a bakin iyaka, suka mai da fadarsu Milan, da Trier a Jamus ta yau, da Nikomediya a Turkiyya ta yau. Sarki Diyokletiyan ya rage yawan Firetoriya, waɗanda suka rage a birnin kuma suka ga alamar za a shafe su. Saboda haka a shekara ta 306 suka naɗa nasu sarkin, Maxentius. Ranar 28 ga Oktoba, 312, Konstantin ya karya su a Gadar Milbiyan da ke kan kogin Tiber. A faɗa musu gaskiyarsu, ran nan sun tsaya wa sarkinsu har aka ƙarar da akasarinsu. Konstantin ya rushe rundunar har abada. Barikin dogarai mahaya dawakai kuwa ya baje shi, aka gina cocin Lateran a kansa, wanda yake tsaye har yau.

Wurinsu ya koma hannun wasu rundunoni da ake kira Skola. Kalmar tana nufin zauren da suke zama a fada suna jiran umarni. Duk wanda ya dubi tsarinsu zai ga kamar an zauna ne da jerin laifuffukan Firetoriya, ana toshe kowace kafa ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, an rarraba su. Kowace Skola mahaya 500 ce, da nata hafsan, kuma babu wani kwamandan soja guda da ya haɗa su duka. A takarda suna ƙarƙashin shugaban ma'aikatan fada ne, wanda aikinsa na alƙalami ne: shirya ganawa da sarki, kula da gidan waya na gwamnati da 'yan aike. A fagen fama sarki da kansa yake ba su umarni. Muƙamin shugaban Firetoriya bai mutu ba, amma an raba shi da takobi, ya koma muƙamin haraji da shari'a.

Na biyu, an rage yawansu. Wani kundin muƙaman gwamnati da aka haɗa wajen shekara ta 400 ya lissafa Skola bakwai a Gabas, biyar a Yamma, wato mutum 3,500 da 2,500. Sun isa su kare sarki, ba su isa su yaƙi rundunar fagen fama ba.

Na uku, an cika su da baƙi. Da yawansu Jamusawa ne daga ƙetaren iyaka, Farankawa da Alamanawa, daga baya a Gabas aka riƙa ɗaukar Armeniyawa. Da ɗan gari akan ci gari, shi ya sa sarki ya fi son wanda ba shi da dangi a majalisa, ba shi da gona a ƙasar, kuma ba wanda zai yarda a naɗa shi sarki. Irin wannan mutum, in sarki ya faɗi, abincinsa ya faɗi. Daga cikin Skola ake zaɓar mutum 40 masu fararen kaya, ana kiran su kandidati, su ne ke tsayawa daf da jikin sarki.

Ban da su akwai wata ƙungiya dabam da ake kira domestiki, wato masu tsaron gida, da nasu shugaban. Hanyar shiga cikinta ita ce mutum ya durƙusa gaban sarki ya sumbaci gefen alkyabbarsa mai launin shunayya. Daga nan ya zama ɗan gida. Domestiki sun fi kama da makarantar horar da hafsoshi: ana tura su su zauna da kwamandoji, su kamo wanda ake zargi, su rako fursuna, su tattaro sababbin sojoji. Ammiyanus Marsilinus, wanda littafinsa na tarihi shi ne madogararmu mafi ƙarfi a kan ƙarni na huɗu, ɗaya ne daga cikinsu, kuma da ƙyar ya tsira lokacin da Farisa suka ci birnin Amida, wato Diyarbakir ta yau, a shekara ta 359.

Duk mai aikin tsaron manhajar kwamfuta, irina, zai gane wannan tsari da kallo ɗaya. Ba a ba mutum ɗaya mabuɗin kowace ƙofa. A raba izini, kowa a ba shi daidai abin da aikinsa yake buƙata, a sa wani ya riƙa duba wani. Kuma tsarin ya yi aiki. Ba a taɓa samun ranar da Skola, a matsayinsu na runduna, suka kashe sarki suka sa gadonsa a kasuwa ba.

Ranar gwaji

A ƙarni na huɗu sarakuna suna fita yaƙi da kansu, dogarai kuma suna shan ƙura tare da su. A watan Yuni na 363, Sarki Juliyan yana janyewa daga ƙasar Farisa aka kai wa bayan rundunarsa farmaki. Ya zabura ya hau doki ba tare da ya sa sulke ba. Masu fararen kaya, waɗanda rikicin ya tarwatsa, suna ta yi masa ihu ya ja da baya, bai saurare su ba. Mashi ya same shi a haƙarƙari, ya mutu a daren. Dogari yana iya tare maƙiyi, amma ba shi da ikon tare sarkinsa.

Ranar 9 ga Agusta, 378, a Adiriyanobul, wato Edirne ta Turkiyya, abin ya zo ta wata fuska. Sarki Valens yana cikin aike da jakadun Gotawa, sai wata runduna ta masu garkuwa da maharba ta ƙosa, ta afka wa maƙiyi ba tare da umarni ba. Yaƙi ya ɓarke alhali sauran sojojin ba su gama jeruwa ba, ga ƙishirwa ga zafin rana. Kashi biyu cikin uku na rundunar Rum suka halaka. Ba a ga gawar Valens ba. Wata ruwaya da Ammiyanus ya kawo ta ce kibiya ta same shi, wasu kandidati da hadimai suka kai shi wani gidan gona, Gotawa suka cinna wa gidan wuta ba su san wanda ke ciki ba. Dogari ɗaya ya diro ta taga, shi ya ba da labarin.

Akwai kuma abin da tsarin Konstantin bai iya toshewa ba: kusanci da sarki shi kansa mulki ne. Diyokletiyan shugaban domestiki ne lokacin da aka naɗa shi a 284. Da Juliyan ya mutu, Jobiyan, babban hafsa a cikin domestiki, shi aka naɗa. Da shi ma ya mutu bayan wata takwas, aka zaɓi Valentinian na Ɗaya, hafsan ɗaya daga cikin Skola. Dogarai sun daina sayar da sarauta, amma idan gado ya zama babu kowa, manyan ƙasa sukan waiwaya ga fuskar da suka saba gani a bakin ƙofa.

Fifita baƙi ma yana da nasa farashin. Sarki Gratian ya kewaye kansa da mayaƙan Alan, yana ba su kyauta mai yawa, har yana sa tufafi irin nasu. Sauran sojojin suka ƙullace shi. Da wani kwamanda ya yi tawaye daga Birtaniya a 383, sojojinsa suka yi ta sulalewa suna komawa wancan ɓangaren, ya gudu da mahaya kaɗan, aka cim masa a Lyon aka kashe shi.

An gudu ba a tsira ba

Bayan rasuwar Sarki Theodosius a 395, daular ta rabu tsakanin 'ya'yansa biyu, babba ɗan shekara kusan 18 a Gabas, ƙarami ɗan shekara 10 a Yamma. Daga su aka shiga zamanin sarakunan da ba sa fita yaƙi. Dogari kuwa yana inda sarkinsa yake. Tun da sarki ya zauna a fada, Skola ma suka zauna, aikinsu ya koma jerin gwano, da sarƙar zinare a wuya, da garkuwa mai ado.

Ainihin takubba suka koma hannun manyan kwamandoji. Kowannensu yana da yaransa na kansa, waɗanda suka rantse masa, suke ci daga hannunsa. Ana kiran su bukelari, daga sunan busasshen burodin da sojoji ke guzuri da shi, wato maciya burodin maigida. Sunan ya faɗi komai: biyayyarsu tana wurin mai ba su abinci. Optila da Thraustila irinsu ne. Valentinian na Uku ya kashe Aetius, ya duba gidansa ya ga masu ado, ya duba gidan mamacin ya ga mayaƙa, ya zaɓi mayaƙa. Ya manta cewa sun riga sun ci gishirin wani. Bayan kisansa da wata biyu da rabi, Bandalawa suka taso daga Kartaj, a Tunisiya ta yau, suka yi mako biyu suna wasashe birnin Rum.

Shekara 21 bayan haka, a 476, Odoacer ya tuɓe sarkin Yamma na ƙarshe. Masanin tarihi Procopius ya ce shi ma daga cikin masu tsaron sarki ya fito. Theodoric, sarkin Gotawa da ya ƙwace Italiya daga hannunsa a 493, bai ma wahalar da kansa da yaƙar Skolar Yamma ba. Ya yanka musu ɗan fansho ya sallame su.

Masu kwana a waje

A Gabas, a birnin Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, an kusa bin wannan hanya. Wani kwamanda ɗan asalin Alan, Aspar, shi ya ɗora Sarki Leo na Ɗaya a 457, yana zaton zai juya shi. Leo ya duba Skola ya ga ba za su fisshe shi ba, sai ya kafa sabuwar runduna ta mutum 300 kacal, ƙarfafa daga ƙauyuka da duwatsun cikin daular. Sunansu Eskubita, ma'ana masu kwana a waje, don a bakin ƙofofin fada suke kwana. A 468 ya yi doka da ta hana ɗaiɗaikun mutane ajiye bukelari, a 471 kuma aka kashe Aspar a cikin fada.

Cikin waɗanda aka ɗauka a wannan runduna akwai wani saurayi ɗan ƙauye daga yankin Balkan mai suna Jastin. Shi da abokansa biyu suka taho birni a ƙafa, talauci ya koro su, ba su da komai sai busasshen burodi a ƙunshe cikin mayafinsu. Aka ga ƙirarsu aka ɗauke su. Bayan kusan shekara 50, Jastin ya zama shugaban Eskubita. A watan Yuli na 518 Sarki Anastasius ya mutu bai naɗa magaji ba. An ruwaito cewa babban hadimin fada ya ba Jastin kuɗi ya raba wa sojoji don su goyi bayan wani ɗan takara, Jastin ya raba kuɗin, sojoji suka kira sunan Jastin. Bayan 'yan kwanaki aka kashe hadimin da ɗan takararsa. Mutum 300 da ke riƙe da ƙofa sun rinjayi dubban masu ado. Daga baya sarakuna biyu, Tiberius na Biyu da Maurice, duk ta wannan muƙami suka hau.

Skola kuwa sun zama haja. Tun zamanin Sarki Zeno aka fara sayar da gurbi a cikinsu. Attajiri ya biya kuɗi, ya sami riga da albashi da alfarmar fada, bai taɓa jin ƙarar kibiya ba. Procopius, wanda ba masoyin Jastiniyan ba ne, ya ce a zamanin Jastin shi Jastiniyan ya ƙara gurabe 2,000 ya sayar, da ya hau gado kuma ya sallami mutanen bai mayar musu da ko kwabo ba. Ya kuma ce idan za a fita yaƙi, sai a sanar da Skola su shirya, su kuma su yafe albashinsu na wani lokaci don a bar su a gida. Magabatansu sun sayar da sarauta, su kuwa riga suke saye.

Ranar biya ta zo a watan Janairu na 532, lokacin boren Nika. Jama'ar birni suka ƙone unguwanni, suka naɗa wani sarki, suka kai shi filin sukuwa. Belisarius, kwamandan Jastiniyan, ya nemi ya bi ta ƙofar da ta haɗa fada da filin, masu gadin ƙofar suka yi kunnen uwar shegu, suna jiran su ga wanda zai yi nasara. Sai da ya zagaya ta cikin kango. Da yaransa na kansa da sojojin haya na wani kwamanda aka murƙushe boren, aka kashe mutum wajen 30,000. A 559 ma, da mahara suka iso daf da birnin, an jera Skola a kan ganuwa, amma tsoho Belisarius aka kira daga ritaya, ya kore su da tsofaffin sojoji kimanin 300 da taron manoma.

Labari na ƙarshe ya shafi sarkin da masu karatun sira suka sani da suna Hirƙal. A shekara ta 610 ya taso da jiragen ruwa daga Kartaj don ya kawar da Sarki Phocas. Shugaban Eskubita a lokacin shi ne Priscus, mijin 'yar Phocas. Da jiragen suka bayyana, Priscus ya ce ba shi da lafiya, ya janye dogarai da yaransa zuwa gidansa. Aka kama Phocas ba mai kare shi, aka kashe shi. Hirƙal ya hau gado, ya ba Priscus babbar runduna, ya yi shekara biyu yana lallaɓa shi. A 612 ya kira shi gaban majalisa, ya tuɓe shi, ya sa aka aske masa kai aka kai shi gidan 'yan zuhudu, inda ya mutu. An ce ya tuna masa cewa wanda bai riƙe amanar surukinsa ba, ba a sa ran ya riƙe ta aboki. Muƙamin shugaban dogarai kuma ya ba ɗan baffansa.